Gansakuka, Kifi da Gubar Ƙarfe

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa sauka bakin dam ɗin Dadin Kowa ya san koren abin nan mai santsi da ke manne a jikin duwatsu, wanda in ka taka shi da garaje sai dai ka ji ka a ƙasa. Gansakuka ke nan. Wadda ido ke gani ma kaɗan ce. Mafi yawanta ƙanana ne ƙwarai, suna yawo cikin ruwan kogin Gongola, sai da madubin ɗakin gwaji ake ganinsu. Su ne abincin ƙwarin ruwa da 'ya'yan kifi da karfasa, kuma da rana su ke zuba iskar oksijin a ruwa.

To, me ke faruwa idan ƙarafa masu guba irin su dalma, ko zaiba, ko kadmiyom suka shiga ruwa? Hanyoyin shigarsu dai sanannu ne: tsohon batirin mota da aka fasa a bakin kwata, zaibar da masu haƙar zinare ke kama gwal da ita, ruwan majema ta zamani mai ɗauke da kuromiyom, har da wasu takin zamani. Damina ta wanko su, su kwanta cikin laka. Kashin shanu yakan ruɓe, sabulu yakan narke ya ɓace. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa.

Fatar ƙwayar gansakuka tana janyo waɗannan ƙarafa, su manne mata, wasu su kutsa ciki. A nan ɓarnar take. Koren sinadarin da take kama hasken rana da shi, kulorofil, yana da ƙwayar maganiziyom guda ɗaya tak a tsakiyarsa. Jan ƙarfe ko kadmiyom ko zaiba na iya ture ta su zauna a gurbinta, amma ba su iya aikinta. Rana na haskawa, abinci ba ya haɗuwa. Sai gansakukar ta koɗe, ta daina hayayyafa. Jan ƙarfe ma saboda tsabar dafinsa gare ta, da gangan ake zuba sinadarin da aka haɗa da shi a wasu tafkuna don a kashe ta.

Amma wadda ta mutu ba ita ce babbar damuwa ba. Wadda ta rayu ce. Wasu nau'o'in suna ƙera sinadarai da ke ɗaure ƙarfen su ajiye shi a cikinsu, su ci gaba da zama kore shar da guba a ciki. Ƙwaro ya ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, giwan ruwa ya haɗiye ƙaramin kifi. Zaiba ce gwanar wannan hawa: ƙwayoyin bakteriya na cikin laka suna juya ta zuwa wani nau'i da ke liƙewa a tsoka, ba ya fita da sauri. Abin kamar adashi ne, kowa na zubi kaɗan-kaɗan, babban kifi ya kwashe. Shi kuma mu muke sayensa.

An ga haka a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956. Kyanwoyin garin da ke cin kifi su aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa teku, kafin mutane su soma rasa ji da gani da daidaiton tafiya. Dalma kuwa ba ta hawa kamar zaiba, amma jiki kan ɗauke ta a matsayin kalsiyom ya kai ta ƙashi, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda yara kusan 400 suka rasu, kodayake can ta ƙurar niƙan dutsen zinare dalmar ta shiga gidaje.

Kada garai-garai ɗin ruwa ya ruɗe ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a maikurogiram 10 cikin lita ɗaya (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), abin da harshe ba ya ji, ido ba ya gani; gwaji kaɗai ke nuna shi. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma na nan daram. Haka ma banda da suya ba sa fitar da zaiba daga tsokar kifi.

Wannan kwaɗayin ƙarfe na gansakuka, masana sun mai da shi abin amfani: sukan busar da ita su tace gurɓataccen ruwan masana'antu da ita. Sai dai bayan ta gama tsotsewa, ita kanta ta zama shara mai guba, dole a adana ta inda ruwan sama ba zai sake kwaso ta ba.