Na je an caka min allurar China a baya, ga abinda ya faru da ciwon jijiyata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau dai ba kasuwa za mu shiga ba, babu maganar farashin takalmi ko kuɗin kwantena, daga asibiti na fito yanzun nan, shi yasa kuka ga ina tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai a aljihu. Ga tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei can gaba, amma bari in samu inuwa in zauna tukuna, don zafin Guangzhou da gumi ne yake zuwa, ba irin na Kano ba da ko ba komai iska za ta busar da kai.

Tun da na ɗora hoton bayana da allurai a jiki saƙonni suka yi min yawa, wannan ya ce mahaifiyarsa ƙafafunta sun mutu, wancan ya ce in sayo masa maganin jijiya na China ko nawa ne zai biya. To shi yasa na ce gara in yi magana sau ɗaya kowa ya ji.

Ni nawa ciwon kusan shekara biyu kenan. Daga ƙugu yake tasowa ya bi ta ɗuwawu ya gangara ƙafar hagu har babban yatsa, kamar an jona min wayar lantarki. Zaman jirgi daga Addis Ababa zuwa nan, awa goma da wani abu, ga ɗaukar kwali da na mayar sana'a don ina ƙyashin biyan masu dako, ai kun san halinmu. Da aka yi min hoton MRI sai aka ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, wanda suke cewa L4 da L5, ya ɗan turo ya danne jijiya. Kuma fa wannan hoton a cikin asibitin gargajiyar da ake caka min allurar aka ɗauke shi. Mutane suna zaton asibitin gargajiya na China wani ɗaki ne da tsoho mai dogon gemu da tukwane, a'a wallahi, bene ne mai hawa da yawa, da ɗakin gwajin jini da ɗakin tiyata, likitan da zai rubuta maka saiwa shi ne zai rubuta maka ƙwayar Bature a takarda ɗaya.

Likitar da ta duba ni, wata dattijuwa ce, ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama, ta koma na hagu, ta ce in zaro harshe. Sai yaron da ke min tafinta ya ce wai iska da sanyi da danshi ne suka shiga suka toshe hanya. Na kwashe da dariya na ce ashe sanyi ne, abinda kakata take faɗa tun ina yaro, sai da na biya kuɗin jirgi na zo aka maimaita min da Sinanci. Su a fahimtarsu akwai wani ƙarfi da suke kira chi da yake yawo a jiki ta manyan hanyoyi goma sha biyu, in ya tsaya sai ciwo ya zo, kuma akwai gurabe 361 da ake caka allura. Masu fiɗa dai sun buɗe jikin mutum ba su ga waɗannan hanyoyin ba, wannan kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa.

Allurar siririya ce ƙwarai, ba ruwan magani a cikinta, sabuwa ake ɓarewa a gabanka. Shigarta ba zafi sosai amma in ta murza ta sai ka ji wani nauyi da tsami ya bazu a wurin, in ka yi ƙara sai ta yi murmushi ta ce yawwa ta kama. Suka maƙala wasu wayoyi a kai naman yana ta ɗan harbawa minti ashirin zuwa talatin. Bayan nan aka kafa min kofunan gilashi a baya, wanda ba komai ba ne illa ƙahon da wanzami yake yi mana a gida, sai dai nawa ba a tsaga ba, ba a fitar da jini ba.

To ya yi aiki? Zuwa na goma kenan yau. Ciwon ya ragu sosai, ina barci, ina ruku'u ba tare da na dafa bango ba. Amma babban yatsan nan har yanzu a dushe yake, in na taɓa kamar na wani. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, irin wannan faifan sau da yawa shi da kansa yake lafawa cikin makonni ko watanni, kuma a daidai lokacin na daina ɗaukar kaya na fara motsa jikin da aka koya min. Don haka in ka tambaye ni kashi nawa ne na allura, ni kaina ba zan rantse ba.

Akwai wani babban gwaji da aka yi a Jamus, aka fitar a 2007, akan masu ciwon baya sama da dubu ɗaya. Waɗanda aka yi wa allurar gaske kusan kashi 48 cikin ɗari sun samu sauƙi, waɗanda aka bi da su ta hanyar asibiti da aka saba kashi 27. Sai ka ce shikenan allura ta yi nasara ko? Tsaya ka ji, akwai rukuni na uku da aka caka musu sama-sama a wuraren da ba su ne ainihin gurbin ba, su ma kashi 44 suka samu sauƙi. Kun ga inda gizo ke saƙar. Daga baya an tattara gwaje-gwaje 39 na mutum sama da dubu ashirin a 2018, aka ga ta gasken ta ɗan fi ta bogin amma tazarar ba yawa, a ciwon baya da wuya da gwiwa da ciwon kai. A Amurka tun 2020 inshorar gwamnati ta tsofaffi tana biyan kuɗin allurar ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. Wato dai wajen rage raɗaɗi tana da abin faɗa.

Amma rage ciwo daban, gyara jijiyar da ta lalace daban, kuma anan ne ake cin kuɗin mutanenmu. Mu da Hausa komai jijiya ne, ta jini jijiya, ta agara jijiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ita ma jijiya, shi yasa mai talla zai ce maganin jijiya kowa ya ji kamar da shi ake. Jijiyar saƙo ta hannu ko ƙafa in ta samu rauni tana iya tofowa, amma kamar milimita ɗaya a rana, wajen inci guda a wata, kuma sai an cire abinda ya lalata ta. Ta cikin laka kuwa in ta yanke ba ta dawowa haka. Kawuna yana da ciwon suga, tafin ƙafarsa yana zafi kamar ya taka garwashi da daddare, ya kira ni ya ce ɗana ka taho min da na China. Na ce Kawu Allah ya ƙara maka lafiya, in sugan nan bai sauka ba ko buhu na kawo maka jijiyar ci gaba za ta yi da lalacewa. Kuma mai shan maganin sugan nan metformin shekara da shekaru ya kamata a duba masa sinadarin B12, don ƙarancinsa kaɗai yana kawo wannan dushewar, gwaji ne na jini da ake yi a asibitocinmu na gida ba sai an zo China ba.

Maganin sha kuma ni na ƙi karɓa, zan gaya muku dalili. Na shiga kasuwar Qingping inda ake sayar da kayan haɗin, na ga busassun kunamu da shanshani da tsutsar ƙasa a buhu, ga na jiƙawa a cikin giya, ga wani baƙin abu kamar alewa da suke kira ejiao wanda da fatar jaki ake yinsa, shi ne fa dalilin da jakunanmu suka yi tsada har Nijar ta hana fitar da su a 2016. Musulmi sai ya tambaya me ke ciki. Bayan wannan akwai wata saiwa, fuzi, da ake sawa a maganin ciwon gaɓoɓi, in ba a sarrafa ta daidai ba tana rikita bugun zuciya har ta kashe. A Beljiyam farkon shekarun 1990 mata kusan ɗari ne ƙodarsu ta lalace saboda wani ganye da ya shiga maganin rage ƙiba, wasu har da ciwon daji daga baya.

Ba wai ina raina ganyensu ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, irin su Coartem, daga wani ganye ɗan uwan tazargade aka ciro shi, wata mata Tu Youyou ta samo hanyar a cikin tsohon littafin likitancinsu, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace shi aka auna aka gwada akan mutane, ba a leda aka ƙulla aka ba ɗan kasuwa irina ya saka a jaka ba. Don haka masu turo min kuɗi dan Allah ku daina, ni takalmi na sani.

Abu ɗaya da likitar ta ja min kunne akai, ta sa tafinta ya maimaita sau biyu: in ƙafar ta fara ja a ƙasa, ko fitsari ya riƙe ko ya riƙa zubowa ban sani ba, ko tsakanin cinyoyina ya dushe, kar in zo wajenta, in wuce sashen gaggawa a daren, don wannan aikin likitan tiyata ne kuma ba ya jira.

Ta ce in dawo ranar Alhamis, kuma an rubuta min gwajin da ake sa lantarki a auna saurin saƙo a jijiyar ƙafar, in sakamakon ya fito zan nuna muku takardar. Bari in tashi, la'asar ta kusa kuma tun safe ban ci komai ba, akwai wani shagon taliyar Musulman Lanzhou a lungun nan, kujerunsu dai ba su da majingina, a tsaye zan ci.