Mutanen birnin nan me suke sha?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga tsohuwar Alƙahira nake muku magana, ku yi haƙuri da hayaniya, garin nan ba ya shiru. Wannan ƙofar da kuke gani a bayana Bab Zuwaila ce, tun 1092 aka gina ta, zamanin Fatimiyawa. Masu bibiyata sun san na kammala rubutun farko na littafina na almara, mai birni mai ganuwa a bakin hamada, da iskoki, da wata yarinya Kande. Yanzu gyara ake ciki, kuma gyaran ne ya fito da ni titi.

Wata 'yar uwa da na ba ta karanta ta mayar mini da shi da tambaya ɗaya a gefen shafi: "Mutanen birnin nan me suke sha?" Akwai fada, akwai kasuwa, akwai dawaki, har da marina, amma babu rijiya, babu kogi, babu ko kududdufi. Ku biyo ni mu gangara titin Mu'iz, in nuna muku yadda mutanen zamanin da suka amsa wannan tambaya.

To, ga shi. Wannan ginin da ya raba hanya biyu sabil ne, wato wurin shan ruwa na sadaka, Abdurrahman Katkhuda ya gina shi a 1744. A ƙarƙashinsa akwai ma'ajiyar ruwa, 'yan garuwan zamanin suna ɗebo ruwan Nilu a salka bisa raƙuma da jakuna su cika ta, mai wucewa ya miƙa hannu ta tagar nan ya sha kyauta. Sama kuma makarantar allo ce a lokacin. Irinsa suna da yawa a unguwar nan. Can kudu da nan akwai doguwar magudanar dutse wadda a da take kai ruwa daga kogi zuwa fadar kan tudu, a lokacin shanu ne ke juya injin da ke ɗaga ruwan sama. Sarakuna da attajirai sun zuba dukiya a kan ruwa, domin wanda ya riƙe shi ya riƙe gari. Ko a Kano, badala ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, saboda ranar da abokan gaba za su yi wa gari zobe.

Saboda haka na haƙa wa birnina rijiyoyi, na naɗa mai kula da su, na ba shi kujera kusa da Galadima. Daga nan labarin ya fara motsi ta inda ban zata ba.

Ita Kande, a rubutun farko, duk abin da ta nema tana samu. Ta kira iska, iska ta zo. An kulle ta, ƙofa ta buɗe. Kyakkyawa ce, mai ladabi, mai haƙuri, kowa na sonta sai mugu, shi ma mugun ba a san dalilinsa ba. Mun saba da irin wannan tauraruwa a littattafanmu, kuma ni a ganina ita ce ke sa mai karatu hamma tun kafin tsakiya. In sihiri kyauta ne, to me zai hana ta gama da maƙiyanta a babi na biyu kowa ya huta?

Yanzu na ɗaure ikonta da ruwan garin. Duk lokacin da ta kira iskokin, rijiyar unguwarsu sai ta ja baya, guga ya ƙara nisa. Mahaifinta marini ne, kuma wanda ya taɓa leƙa Ƙofar Mata ya san karofi ruwa yake ci, a zuba baba da toka a bar shi kwanaki ya tsima. Kenan duk ceton da ta yi wa wani a waje, a gida ake biya. Maƙwabta suka fara ƙunƙuni. Mai kula da rijiyoyin nan, wanda da mugu ne kawai mai jajayen idanu, ya zama dattijo mai lissafin igiya, yana ganin ruwa na ƙasa yana neman dalili. Idan ya kai ƙararta fada, wallahi yana da hujja. Akwai wani babi da na sake rubutawa daga tushe, inda ƙaninta ke kwance ba lafiya, ita kuma ta san in ta nema masa magani ta wannan hanya marinar babanta za ta kafe. Sai da na ajiye alƙalami na sha shayi kafin in yanke mata abin da za ta zaɓa, kuma ba zan faɗa muku ba.

Batun kuɗi ma ya sha gyara. Da tsabar zinariya na sa musu, irin wadda ake gani a finafinan waje. Na mayar da ita wuri. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya, keso guda kuwa wuri 20,000 ne, kayan da sai an ɗora a kai ko a jaki. Sashen da Kande ta gudu da dare da kuɗin fansa a aljihu ya rushe ke nan. Yanzu turkuɗi take naɗewa ta fita da shi, shi ma kuɗi ne a hamada, ga shi daga hannun babanta ya fito, don haka ɗaukarsa sata ce a cikin gida.

Sauran ƙananan abubuwa na share su da sauri. Ƙawayenta uku masu magana iri ɗaya na haɗe su suka zama mutum guda. Dogon tarihin sarakuna da ya buɗe littafin na cire shi gaba ɗaya, abin da ya zama dole a sani na saka shi a bakin maroƙi ranar hawa. Na kuma zana taswira, saboda ƙofar gabas ta daina yawo daga babi zuwa babi.

Abin da ya rage mini shi ne ayari. Ina so in ga yadda ake ɗaure wa raƙumi kaya da yadda ake cinikinsa, don haka Juma'a mai zuwa da asuba zan nufi kasuwar raƙuma ta Birƙash, inda ake kawo su daga Sudan. In Allah ya kai mu, daga can za ku ji ni.