Jawabin Maraba ga Mai Girma Hajiya Minista a Zauren Zane da Sana'ar Hannu na Mata, Tawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Hajiya Minista, mai girma Gwamnan jihar Tawa, masu martaba sarakunanmu, malamanmu, masu unguwanni, iyayenmu mata da maza, da dukkan baƙin da suka yi rakiya: sannunku da zuwa, sannunku da hanya.

Ranki ya daɗe, kwamitin wannan zaure ya ɗora mini nauyin karanta wannan takarda a madadin matan da kike gani zaune bisa tabarmi, da waɗanda aikin gida ya hana su fitowa. Girmanki ba sai mun faɗa ba, kowa a ƙasar nan ya san shi. Kin kai inda manya ke shawara, kin zauna an saurare ki, kuma ba ki manta da ƙofar da kika fito ba. Kin baro Yamai, kin bi ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 500, sannan kika ratse babban titi kika shigo lungunmu da ko mota ba ta iya juyawa a cikinsa. Zuwa da kai ya fi aike. Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninki, ya mai da ke gida lafiya.

An ba mu shawara mu ajiye koke sai ƙarshe, yadda aka saba. Muka zauna muka duba, muka ga in mun bari sai rana ta take, an gaji, ana duban agogo, maganar za ta bi iska. Don haka ga ta tun yanzu: fili muke roƙo. Gidan nan na haya ne, mai shi kuma ya aiko cewa mu tashi kafin damina, shaguna zai gina. Ba shi ne gida na farko da aka tashe mu ba. Kowane tashi sai mun yi asarar kaya, sai wasu mata sun daina zuwa domin wurin ya yi musu nisa, mazajensu ba su yarda ba. Muna roƙon fili ko ɗan ƙarami ne, da takardarsa, a rubuce da sunan ƙungiyar matan nan.

Ranki ya daɗe, ƙasar Adar da kika sauka ta san ilimi, ta san aikin hannu tun kaka da kakanni. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, shi da ya tsawata wa malaman zamaninsa masu koyar da almajirai a zaure su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin duhu a bayan gida. Ƴarsa Nana Asma'u ta naɗa dattijan mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai karatu ga matan ƙauye cikin waƙa. A Yama, magini Falke Barmu ya ɗaga masallacin ƙasa wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, duniya ta zo kallon abin da hannun mutumin nan ya yi da laka. A Dandaji kuwa mace ce, Mariam Kamara, tare da abokiyar aikinta ƴar ƙasar Iran, ta tsara sabon masallaci da tubalin ƙasar wurin, aka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Albasar Galmi ta cika kasuwanni har Abijan da Kumasi. Tabarmar Madawa, duk inda aka shimfiɗa ta an san ta.

Amma tarihin da ya fi taɓa mu shi ne na Keita. Bayan farin da ya ƙone ƙasa, a 1984 aka buɗe aikin farfaɗo da tuddan Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza da yawa sun tafi ci-rani, kamar yadda Adarawa suka saba, wasu Abijan, wasu Nijeriya, wasu Libiya. Wa ya rage? Mata. Su suka fasa fako da diga, su suka ɗauki duwatsu a ka suna jerawa don tare ruwa, su suka dasa itatuwa, da goyo a baya, ana biyansu da abinci. Yau mutum ya bi ta can sai ya ga kore inda dā tsandauri ne. Baƙi sun zo sun ɗauki hotuna, an rubuta rahotanni masu kauri. A tambayi masu rahoton sunan mace ɗaya daga cikin masu ɗaukar dutsen, a ji ko za su kawo. Gonakin da suka farfaɗo kuwa, da mazan suka dawo, galibi hannunsu suka koma. Wasu daga cikin matan nan suna da rai, ɗaya tana zaune a gabanki, za ki gan ta in an jima.

A nan Tawa aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a 1975. Muna alfahari da haka, ƴan kokowar ƴaƴanmu ne, mu ke yi musu guɗa, mu ke dama musu fura. An gina musu fili da katanga da wurin zaman ƴan kallo, ba ma ƙyashi, sun cancanta. Abin da muke cewa kawai, iyayen da suka haife su ba su da ko ɗaki ɗaya a garin nan da za su ce nasu ne, su rataye abin da hannunsu ya yi.

Zauren nan daga adashi ya taso. Mun ɗauki dubarar asusun nan na Mata Masu Dubara, wanda aka faro a ƙasar nan a 1991 ya bazu har wasu ƙasashe: kowace mako kowa ta zuba abin da ta samu, dala ashirin ko dala ɗari, a akwati mai makulli, mabuɗan kuma a hannun mata daban-daban. A wajen zubi ne muka lura kusan kowace mace tana zuwa da aiki a hannu, wannan da kaba, waccan da kwarashi, wata da fata. Aka fara tambayar juna nawa aka sayar. Nan muka gane abin da ke faruwa da mu. Dillali ya zo ya saye jakar fata a tsakar gida da kuɗin da bai kai na jima da zare ba, ya kai Yamai ya ninka kuɗin, in an tambaye shi wa ya yi sai ya ce aikin Tawa ne. Tawa ba ta da yatsu, ranki ya daɗe. Mace ce ta zauna kwana da kwanaki tana huda fata da basilla har idonta ya yi ja. Tun daga ranar muka kafa doka ɗaya da ba a karya ta a gidan nan: duk abin da ya fita ta ƙofar can, da sunan wadda ta yi shi zai fita, kuɗinsa kuma a tafin hannunta za a sa.

In kika zaga za ki fara da rumfar fata. Ƴan'uwanmu Buzaye mata ne ke jagorancinta, su da suka gaji dukanci daga iyayensu mata, suna koya wa Hausawa da Fulani ba tare da ɓoye komai ba. Da bagaruwa ake jeme fatar, jan launin daga karan dafi, baƙin kuma kuloko ne. Gefensu masu saƙar tabarma da faifai ne, da masu zanen ƙwarya, da ƴan matan da ke tsince ledar da ta addabi unguwa su wanke su yanka su saƙa jaka da kwarashi. Ranar Asabar yaran lakwal ke zuwa, mu ba su kwali da alli, su yi ta zane har la'asar.

Ɗakin ciki shi ne na zane, kuma a nan muke so ki ɗan daɗe. Akwai wata matashiya da aka cire daga lakwal aka yi mata aure tana ƙarama, auren ya mutu, ta dawo gida da ɗa. Gwanar lalle ce, daga ƙunshin amare hannunta ya faɗa. Da muka ba ta buroshi, abin da ta fara zanawa shi ne mace zaune bakin ƙofa da magariba, ta ba mu baya, waya a cinyarta, tukunya a murhu ba wuta. Ba ta zana fuska, ita da wasu daga cikinmu haka suka zaɓa, amma duk matar ɗan ci-rani da ta shigo ɗakin sai ta tsaya cik a gaban zanen nan. Mun ga wadda ta tsaya har ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce shekara huɗu ke nan haka take zama. Akwai zane bisa yoyon fitsari, wanda matan da suka warke suka yi da kansu, domin a daina gudun mai shi. Akwai na layin jarkoki a bakin pampo tun asuba.

Sai kuma tsohuwarmu ta Keita. Da aka kawo mata fenti na gwangwani ta ture shi, ta ce ita ƙasa ta sani. Ta sa aka ɗebo mata jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi, ta kwaɓa da ƙaro, ta yi ta dangwalawa da yatsa bisa buhu. Abin da ya fito shi ne jerin mata suna hawan tudu, kowacce da dutse a ka, ita kuma ta san kowacce, tana nuna su tana kiran sunansu, tana faɗin wadda ta rasu da wadda ke raye. Ba ta taɓa shiga aji ba. Wata uku jikarta na riƙe mata hannu kafin ta iya rubuta sunanta, ranar da ta rubuta shi a gindin zanen kuwa sai da muka yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Zanen nan sau biyu ta yi shi. Na farkon, daminar bara ta cinye. Ruwa ya sauko da tsakar dare da iska, kwanon ɗakin ya ɗaga, waɗanda ke kusa suka fito da fitilar waya suna kwashe fatu da tabarmi a ka. Kafin a kai ga bangon gabas, jar ƙasar ta narke ta gangaro, matan da ke kan tudun sun zama taɓo. Da safe tsohuwar ta zo ta duba, ba ta ce uffan ba, ta nemi wani buhun. Mun so mu gyara rufin, aka ce ɗan haya ba ya taɓa gini. Mun kai takardar neman fili wani ofishi, aka ce mu dawo, muka dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, daga baya wani ya tambaye mu ina mazajenmu da ba su zo sun tsaya mana ba. Shi ya sa muke nanata miki maganar fili, ranki ya daɗe, mu gina da hannunmu, mu rufa yadda ruwa ba zai sake shiga ba. Matan da suka jera duwatsun Keita ba za su kasa buga tubali ba.

Ba za mu ɓoye miki ba, ana maganarmu a gari. Wasu na cewa muna koya wa mata taurin kai, muna kashe aure. Mu matan aure ne, da zawarawa, da ƴan mata, muna salla muna azumi, malaman unguwa kuma sun shigo sun ga abin da muke yi. In neman a san sunan mace a kan aikinta, a bar yarinya ta ƙare karatu, a ba mace gadonta na gona yadda addini ya yanka, in wannan ne fafutukar ƴancin mata, to mun amsa, ita muke yi, a fili muke yinta. Ranar 13 ga Mayu 1991 iyayenmu mata suka fito titi a Yamai domin mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma ba su koma gida ba sai da aka saurare su aka ƙara yawan mata a kwamitin. Daga nan ranar ta zama ranar matan Nijar. Kujerar da kike kai a yau, ranki ya daɗe, akwai zufarsu a jikinta, mu ma bayansu muke bi.

Akwai wasu ƙananan buƙatu. Baje kolin sana'ar hannu na mata, SAFEM, da ake yi a Yamai tun shekarar 2000, muna jin labarinsa, kuɗin mota da na rumfa ke tsayar da mu. A tuna da mu in lokacinsa ya zo. In za a yi wa baƙin gwamnati tsaraba, a riƙa saye a hannun masu yi kai tsaye. Muna kuma son malamar yaƙi da jahilci ko sau biyu a mako, tunda yanzu Hausa ta zama harshen ƙasa tun 2025, kowace mace a nan ta iya rubuta sunanta da lissafin cinikinta. Duk waɗannan za su iya jira. Damina ce ba ta jira, in hadari ya fara haɗuwa a gabas ba mu san inda za mu kai kayan nan ba.

Yanzu muna roƙon ki taso ki zaga, ki taɓa da hannunki, ki tambayi kowacce abin da kike so, za ta amsa miki da bakinta. Akwai fura da nono a rumfa, ki ɗan kurɓa ko kaɗan ne. Tsarabarmu jakar fata ce, sunan wadda ta ɗinka yana cikin marfin. In kin buɗe za ki tarar da takarda a ninke, ta neman filin ce, da sa hannun waɗanda suka iya da dangwalen yatsan waɗanda ba su iya ba tukuna. Tsohuwarmu ta Keita ce za ta miƙa miki, sunanta ne na farko a takardar.

Allah ya ba ki ikon dubawa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.