Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Man Fetur, daga Injiniyoyi da Masu Waldar Bututu na Yamai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, Mai girma Minista, da ƴan tawagarka, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. Mun gode da ka tako har wurin aikinmu a nan Yamai.

Ka fi mu sanin bututun iskar gas da zai ratsa Sahara: daga Warri a Najeriya, ya bi ta Nijar, ya ƙare a Hassi R'Mel ta Aljeriya, tsawon sama da kilomita 4,000, ɗauke da mita kubik biliyan 30 a shekara. Ƙasashen uku sun sa hannu kan yarjejeniyar a Abuja a 2009, aka sabunta alkawarin a birnin Aljas a 2022. Rabon ƙasarmu ya haura kilomita 800, kuma a kansa muke so mu yi magana.

Kowane sandan bututu kusan mita 12 ne. Ke nan mahaɗa fiye da 65,000 za a yi wa walda a ƙasarmu kaɗai, a cikin iska da ƙura. Matsin gas ɗin, a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kan kai 70 zuwa 100, alhali tayar mota 2 da ɗoriya take ɗauka. Ƙwayar rairayi ko danshi a cikin walda kan bar rami ko tsaga da ido ba ya gani, shi ya sa ake kafa rumfa a kan mahaɗa, a ɗumama ƙarfen, sannan a ɗauki hoton cikin kowace walda. Kafin gas ya shiga, sai an cika bututun da ruwa, a matsa shi aƙalla kashi 125 cikin 100 na matsin aikinsa. A arewacin Agadas, ranka ya daɗe, daga ina wannan ruwan zai fito? Tun yanzu ya kamata a san amsar. Bayan gwajin kuma dole a busar da cikinsa sarai, don ragowar ruwa na haɗuwa da gas ya daskare, ya toshe hanya.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙoramu. Wanda ya auna hanya da rani zai ga yashi kwance lafiya lau. Ruwan dare ɗaya a watan Agusta ya isa ya kwashe mita guda ta ƙasar da aka rufe bututu da ita, ya bar shi a rataye. A irin wuraren nan sai an zurfafa rami, an lulluɓe bututun da kankare, an kuma tambayi makiyaya da hakimai inda ruwa ke bi.

Roƙonmu shi ne a fara horar da ƴan ƙasa masu walda da masu duba walda, a ba su takardar shaida tun kafin sandan farko ya iso. Bututun ɗanyen mai daga Agadem zuwa ƙasar Benin ya bar mana hannaye da suka san aikin, a ɗora a kansu.

Allah ya ja zamaninka, ya maishe ka gida lafiya. Wassalamu alaikum.