Takin Da Ke Da Rai

Idan damina ta kusa, ɗan kasuwar Mile 12 ko Agege a Legas ya san wayar da za ta shigo daga gida: "Yaya, a turo kuɗin taki." To, kafin ka tura na bana, tsaya ka ga abin da ke cikin ƙasar gonarku.

Ɗebi ƙasa cokali ɗaya daga gindin masara. A cikinta akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, wato bakteriya. Da an ambaci sunan sai mutum ya tuna cuta, alhali wasunsu 'yan aikin gona ne.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin nan da manomi ke saya a buhun yuriya. Sai dai shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2022, sai ta haɗa da gas da zafi mai tsanani kafin ta kama shi. Wasu bakteriya kuwa a cikin ƙasa suke kama shi, ladansu kawai ɗan sukarin da saiwa ke fitarwa.

Wake da gyaɗa sun fi morewa. Tuge gyaɗa ka ga ƙulle-ƙulle a saiwarta, gidajen bakteriya ke nan. Masara, dawa, gero da alkama ba su da waɗannan gidaje, nasu abokan a jikin saiwa suke maƙalewa. Fitacciya a cikinsu ita ce Azospirillum, wadda masaniya Johanna Döbereiner ta fito da amfaninta a Brazil a shekarun 1970.

A nan nake so a natsu. Naitirojin da take ba masara ba shi da yawa. Babban aikinta shi ne fitar da wani sinadarin girma da ke sa saiwa ta yi rassa, ta yi gashi, ta nutsa ƙasa. Saiwa mai yawa ita ke kama takin da aka zuba kafin ruwa ya wanke shi, ita ce kuma ke riƙe shuka idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Duk wanda ya taɓa ganin ganyen masararsa na nannaɗewa da rana tsaka ya san darajar wannan.

Akwai kuma dangin Bacillus da Pseudomonas. A ƙasa mai tsami, irin wadda ruwan kudu ya wanke, sinadarin ƙarfe kan ɗaure fosfarus, wani sinadarin da shuka ke buƙata, sai ga shuka na kusa da abinci tana yunwa. Waɗannan bakteriya su suke fitar da ruwa mai tsami ya kwance shi.

Manoman Brazil sun daɗe suna shafa wa irin masara da alkama takin da ake haɗawa da irin waɗannan bakteriya, kuma a 2025 aka ba masaniyar ƙasar, Mariangela Hungria, lambar yabon abinci ta duniya kan binciken.

Amma kada a yaudare ka, ba ya maye gurbin takin zamani ko kashin shanu, rage buƙatar yake yi. Kuma mai rai ne. Idan za ka aika da shi Arewa, kada ya kwana a saman tirela rana na dukansa. Duba ranar ƙarewar aikinsa. Ka gaya wa ƙanenka ya cakuɗa da iri a inuwa, kada ya gwama shi da maganin iri sai ya tambayi malamin gona, kuma ya shuka a ranar, ƙasa na da danshi.