Na zaga kasuwar Yamai neman shimfiɗar maus ta gem, ga wadda na tsaya a kanta

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau ma daga Yamai nake muku magana, a ɗakina na unguwar Bukoki, kuyi haƙuri da ƙarar fanka dan in na kashe ta zaman ma bazai yiwu ba, watan Afrilu ne kuma duk wanda ya taɓa yin Afrilu a Yamai yasan abinda nake faɗa, kafin azahar zafi ya haura digiri 40. Bari in juyo muku da kyamara kan tebur. Kunga waɗannan abubuwa guda uku, dukkansu shimfiɗar maus ne, dukkansu da kuɗina na saya, kuma guda ɗaya ce kawai nake gem a kanta yanzu.

Tun da na baro Katsina nazo nan aiki, abinda ke ɗebe min kewa da dare bayan isha shine gem ɗin harbi na kwamfuta Counter-Strike 2, wanda ya fito a Satumbar 2023 kuma kyauta ake saukewa. Ni da wani abokina Ba'adare, mutumin Tawa, muke bugawa, shi ya daɗe a harkar tun zamanin tsohon CS:GO da ya gabace shi. Toh wata uku ina fama, mutum zai ɓullo ta bayana in juya in harbe shi sai inji maus ɗina ya faɗa bakin shimfiɗa, sai na ɗaga na mayar tsakiya na sake ja, kafin nan an gama dani. Na zargi intanet, na zargi maus ɗin kansa har na fara tara kuɗin sabo, ashe matsalar tana ƙarƙashin hannuna.

Wannan ta farkon kenan, mai wuta a gefe, kunga in na jona ta da USB tana canza kala ja kore shuɗi. Samanta roba ce mai sheƙi da zanen dodo, faɗinta bai wuce santimita 25 ba. Ranar da abokin nawa yazo shan shayi ya ganta, ya shafa ta da yatsa yace min, abokina wanga tapi na ado na, ba na wasa ba na. Ya tambaye ni DPI nawa nake sawa, nace 800, saurin juyawa a cikin gem fa, nace 1. Sai yace in aro masa tef ɗin awo wajen telan ƙofar gidanmu.

Abinda ya nuna min a daren nan shi nafi so ku riƙe a duk bidiyon nan. DPI ɗin nan ma'anarsa in ka ja maus tsawon inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi da ɗan kai, ɗigo nawa yake ƙirgawa, 800 kenan a nawa. A Counter-Strike in kana 800 kuma saurinka 1, kafin ɗan wasanka ya juya zagaye guda cif ya dawo inda ya fara kallo, sai hannunka yayi tafiyar kusan santimita 52. Wanda yake 400 da sauri 2 shima haka. Kaga kenan juyawa baya kawai, rabin zagaye, santimita 26 take ci, ni kuma shimfiɗata gaba ɗayanta 25 ce, kuma ai ba daga ƙarshenta kake farawa ba daga tsakiya kake. Ya shimfiɗa tef ɗin a kan tebur, ya ɗora maus a sifiri, yace ja har ka dawo kan ƙofar nan da kake kallo a gem, na ja na ja har gwiwar hannuna ta bar tebur. Wallahi a nan na gane wata uku ina gudu ne a cikin akurki.

Hanya biyu ce, ko ka ƙara sauri ka koma wasa da wuyan hannu kawai, ko ka nemi shimfiɗa babba ka riƙa ja da dukkan hannu. Ƙwararrun masu gasar Counter-Strike yawancinsu 400 ko 800 suke sawa da sauri kaɗan, saboda saitin kan mutum daga nesa yafi zama daidai in hannu yana da fili, shi yasa zaka ga shimfiɗarsu kamar dardumar sallar yara. Wanda gem ɗinsa na ƙwallo ne ko na tsere da yake riƙe da pad, wato abin danne-danne na wasa, a hannu, wannan magana bata dame shi ba, kowace iri ta ishe shi.

Washegari na shiga kasuwa. Abu na farko, a Yamai in kace maus ba kowa zai gane ka ba, suri suke cewa daga Faransanci, kwamfuta kuma ordinatar, shimfiɗar kuma tapi. Na fara da Katako tunda ita ce kusa damu, can kayan gwanjo ne da na gyara sunfi yawa, na samu ƙananan tapi na ofis irin masu tudun jel na wuyan hannu, waɗannan kam kada ka kusance su in gem ɗin harbi kake, tudun nan shi zai tare ka. Na hau taksi zuwa Babbar Kasuwa, na bi shagunan kayan ordinatar ɗaya bayan ɗaya har na faɗa wajen wani dattijo Bahaushe mai haƙuri sosai. Nace Alhaji ina wuni, tapi na suri nake nema babba. Yace lahiya lau ɗana, babba kamar yaya? Na zaro tef ɗin tela daga aljihu nace kada ya gaza 45. Yayi dariya yace tunda yake sayar da kayan nan ba'a taɓa zuwa masa da ma'auni ba, ya sa yaronsa ya hau sama ya sauko da wasu a naɗe cikin kwali duk sunyi ƙura. Yace kaya basa shigowa kamar da, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 sai an zagayo dasu ta Lome da Burkina, shi yasa komai ya hau.

Lissafin kuɗin nan ma sai ka saba, sefa biyar itace dala ɗaya, dubu ɗaya kuma jika, dan haka in akace maka dala ɗari to sefa 500 ake nufi. Ya fara min da jika goma, nace Alhaji a duba ni baƙo ne kuma ɗanka ne, muka tsaya a jika bakwai da dala ɗari.

Amma kafin in biya sai da nayi mata gwaji a kan kantarsa, kuma ga yadda nayi, ku duba. Ka shimfiɗa ta ka danna tafin hannu ka tura gaba, in ta zame to robar ƙasan bata da kirki, a tsakiyar wasa zata riƙa tafiya da kai. Ka kalli bakinta, kunga wannan ɗinkin da ya zagaye ta, wadda bata da shi wata kaɗan yadin zai fara rabuwa da robar ta inda hannunka ke gogawa, amma kuma ka shafa ɗinkin kaji, in yayi tudu yafi saman shimfiɗar tsayi zai riƙa cin fatar hannunka, gara wanda ya kwanta. Sai kauri, tawa milimita 3 ce, kuma ina so haka saboda teburina kafinta ne ya haɗa min da katako biyu, akwai ɗan tsagi a tsakiya, siririya mai milimita 1 irin Logitech G240 zaka ji tsagin nan a ƙarƙashin maus, mai kauri kuwa tana shanye shi.

Game da suna, dan nasan za'a tambaya. Waɗanda aka sani a duniyar gem akwai SteelSeries QcK, babbarta 45 da 40 ce, akwai Logitech G640 mai 46 da 40, akwai Zowie G-SR da 'yan Counter-Strike ke so saboda tana riƙe maus, akwai Artisan na Japan irin su Zero da Hien da har taushin robar ƙasa zaka zaɓa. In ka samu na asali kuma aljihunka zai ɗauka, madalla, kayan kirki ne. Tawa bata da wani suna, baƙa ce wuluk ba zane, kuma na zaɓi mara zane da gangan saboda a masu araha inda aka buga fenti mai kauri santsinsa yakan bambanta da sauran wajen, hannu yana ji. Akwai kuma doguwa mai 90 da 40 da ake ɗora kibod da maus duka a kai, tana da kyau a ido, amma ka auna teburinka tukuna, nawa bazai ɗauka ba.

Ta ukun nan kuma fata ce, labarinta daban. Naje ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata sayen takalmi zan aika gida, naga dukawa na yanka fata mai laushi, sai raina ya bani ai wannan zata yi shimfiɗa, nasa aka yanko min murabba'i. Ku kalli aikin, wallahi abin sha'awa, har ƙamshinta nake so. Maus yana karanta ta lafiya lau, dan shi maus na yanzu wata 'yar kyamara ce a cikinsa da fitila, tana ɗaukar hoton abinda ke ƙasa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya tana gwada na baya da na yanzu, dan haka duk abinda ke da ɗan gautsi-gautsin da zata gani tana bi, abinda ke rikita ta shine gilashin tebur mai sheƙi da madubi. Matsalar fatar gumi ne. Minti ashirin a wannan zafi sai hannu ya fara mannewa, wajen da ya jiƙe yayi nauyi wajen da ya bushe yayi santsi. Yanzu a kanta nake aikin ofis da rubutu, a nan kam babu kamarta.

Toh sai maganar da bidiyoyin Turawa basa yi, ƙura. Su suna ta gardamar mai santsi da mai riƙewa, ta yadi da ta gilashi, mu a nan daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauko ko ka rufe taga da ƙofa da safe zaka rubuta sunanka a kan tebur. Shimfiɗa mai tauri, ta roba ko ta gilashin da akeyi musamman dan gem, tana da gudu kuma goge ta sau ɗaya ya isa, amma ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakaninta da ƙafafun maus zaka ji ƙararta ƙiii har cikin haƙori, kuma ƙafafun nan farare na ƙasan maus da ake yi da teflon haka zasu riƙa cinyewa. Ku duba ƙasan maus ɗina, kunga zanen nan kamar an ja shi a kan siminti, mai wutar nan ce tayi masa haka. Ta yadi ita kuma tana haɗiye ƙurar, bazaka ji ta nan take ba, sai dai a hankali tsakiyar ta dushe tayi nauyi, in damina ta shigo wajen Yuli da Agusta iska tayi laima sai ta ƙara nauyi. Ni dai na zaɓi yadi saboda ita ana wanke ta ta dawo, ƙafar maus kuwa in ta cinye a Yamai nemo irinta aiki ne.

Wankin ma ga yadda ake yi duk wata. Ruwa mai ɗumi kaɗan a bawo, ba mai zafi ba, ɗan sabulun wanke kwano, soso mai laushi, ka bi ta a hankali kada ka kankare, zakaga ruwan ya koma kalar kunun kanwa. Ka ɗauraye har kumfa ta ƙare, ka danne da tawul, ka shimfiɗa ta a inuwa. Dan Allah kada ka shanya ta a ranar Yamai, robar zata kanannaɗe bakin ya tashi, kuma in ya tashi baya komawa. A wannan zafin ko a cikin ɗaki kafin dare ta bushe.

Sati uku kenan ina kanta. Ban zama gwani dare ɗaya ba, amma yanzu in naji taku a bayana hannuna yana tafiya har ya kai ba tare da na ɗaga ba, kuma kuɗin da na tara na sabon maus na aika wa Inna dasu gida. Abokina yazo jiya ya gwada, yaja dama yaja hagu yace yawwa, yanzu ka samu hili. Shi ya bani wannan tsohon rawanin ma, yace duk in na tashi in rufe tapi da kibod dashi, kunga haka nake yi, in ninka biyu in lulluɓe har maus ɗin. Ga kiran la'asar can an fara a masallacin bayanmu, bari in tashi, in an jima da dare muna da wasa dashi kuma zan ɗora kyamara ta saman tebur dan kuga yadda hannun ke tafiya. Sai anjima, Allah ya bar zumunci.