Jawabin Maraba ga Kwamandan Hukumar Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi (NDLEA) na Jihar Legas, daga Al'ummar Hausawan Agege

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Kwamanda, mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, limamai, iyayenmu mata, shugabannin kasuwa, da maƙwabtanmu Yarabawa, barkanku da zuwa.

Yallaɓai, aikinku ya riga ya yabi kansa. Duk wanda ya ji labarin hodar ibilis tan 1.8 da hukumarku ta bankaɗo a Ikorodu a watan Satumbar 2022 ya san idonku biyu. Shugabanku kuma, Janar Buba Marwa, ya riƙe Legas daga 1996 zuwa 1999, har gobe yaranmu masu tuƙa mai ƙafa uku Keke Marwa suke kiran abin neman abincinsu. Tunda gida ka zo, ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba: roƙonmu shi ne a buɗe mana cibiyar gyaran masu shaye-shaye a nan Agege.

Goro ne ya kawo kakanninmu garin nan. Da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, daga nan ake ɗaure huhu a loda a jirgi, shanu kuma su gangaro daga Arewa, Zango ya cika ya batse. Naman da Legas ke ci a mayankar Oko-Oba ake feɗe shi. Tumatir, tattasai da albasar kasuwar Mile 12 a kan yaranmu suke sauka daga tirela tun kafin kiran asalatu. Duk miyar da aka kaɗa a birnin nan da gumin ɗan Arewa a ciki. Amma ranar da aka kama yaro ɗaya da ƙwaya, sai ka ji an ce "aboki ne", a yi mana kuɗin goro gaba ɗaya, har da dattijon da aka haifi kakansa a unguwar nan.

Ba a Agege ake sarrafa tiramol ba, Yallaɓai. Ta ruwa take zuwa daga Indiya a kwantena, wata ta sauka a tashoshinmu, wata ta biyo ta Kwatano ta shigo ta Seme, ko a kwale-kwale cikin dare ta rafukan Badagry. An buɗe ofishin haɗin gwiwa na iyakar Seme-Krake a 2018, muka yi murna. Aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, fatakenmu masu kai albasa Jamhuriyar Benin suka karye, wasu har yau ba su miƙe ba. Ƙwaya kuwa ko kwana ɗaya ba ta yanke a lungunanmu ba. Direbobinmu suna ƙirga shingaye a hanyar Badagry har su gaji, a sauke musu buhu a soke shi da ƙarfe, mai katan ɗin da ake nema kuma ya bi ta ruwa ya wuce abinsa.

Ga inda katan ɗin ke ƙarewa. Ɗan dako mai shekara goma sha tara ya zauna a teburin mai shayi da asuba, ya ɓare ƙwayar tiramol mai lamba 225 ya kora da ruwan bunu, don ya iya sauke buhu hamsin bai ji bayansa ba. Bayan wata shida ya koma shan ƙwaya biyu, ya haɗa da kodin, wanda gwamnati ta haramta tun 2018 amma yana nan a hannun yara cikin robar lemo. Daga nan sai farfaɗiya a tsakar kasuwa. Wata baiwar Allah a layinmu ta kulle ɗanta a ɗaki da kwaɗo, tana miƙa masa tuwo ta taga, saboda ba ta da kuɗin asibiti, kuma a Legas idan aka ce an kai mutum Yaba, wato asibitin masu taɓin hankali, kowa ya san sunan da za a laƙaba masa. Binciken da aka fitar a 2019 ya ce 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Mu namu kason da sunayensu muka san su, da na iyayensu.

Muna da wasu buƙatun. A turo mana jami'ai masu jin Hausa su riƙa zagaya makarantun Islamiyya da tashoshin mota. Idan an samu dila a cikinmu, a tuntuɓi fadar Sarki, mu da kanmu za mu nuna ƙofarsa, don ba mu da niyyar rufa wa mai kashe mana 'ya'ya asiri.

Amma ko da guda ɗaya za a ɗauka cikin takardar nan, Ranka ya daɗe, cibiyar ce. Ba mu zo hannu rabbana ba: al'umma ta ware ɗakuna huɗu a bayan masallaci, an yi musu fenti, 'yan kasuwa sun ɗauki nauyin abinci. Ma'aikata da magani suka rage, su ne kuma suka fi ƙarfinmu. Muna roƙon ka daure bayan an tashi ka taka ka ga ɗakunan da idonka, tafiyar minti biyar ce, makullin yana hannun Liman.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.

Sakataren kwamitin tarba, a madadin al'ummar Hausawan Agege.